Tabon Wagashi a Zanen Goyon Habsa

Akwai wata baiwar Allah a unguwar Guéma, cikin Parakou, ana ce mata Habsa. Atamfa da leshi take sayarwa a kasuwar Arzèkè. Mace ce mai kirki, amma akwai ta da tsoro. Ko zem, wato babur ɗin haya, za ta hau, sai ta ƙare wa mai babur kallo daga hula har silifa kafin ta ɗaga ƙafa.

'Yarta ta fari, Soumaya, tana aure a Libreville ta ƙasar Gabon. Mijin, Inoussa, ɗan Djougou ne, can yake neman abincinsa. Allah ya sauki Soumaya lafiya, ta sami ɗa namiji. Da yake ba ta samu zuwa gida wanka ba, sai Inoussa ya ce a kawo mata uwarta a jirgin sama kafin ranar suna.

Habsa ba ta taɓa shiga jirgi ba. Amma ba jirgin ne ya fi damunta ba. Akwai wani farin zanen saƙi da ta gada wurin mahaifiyarta. Da shi aka goya ta, da shi ta goya Soumaya, kuma a gidansu ɗan fari ba ya hawa bayan uwarsa ranar suna sai da wannan zanen. Shekara da shekaru yana cikin adaka, fari tas, ko ɗigon mai bai taɓa taɓa shi ba. Burinta ta miƙa wa Soumaya shi yadda aka miƙa mata.

Ɗanta Abdoulrahim, wanda ke aiki a Malanville, shi ya yanka mata tikiti ta waya. Ya kira ta ya ce, "Inna, ana zaɓen kujera. Taga kike so ko bakin hanya?"

Ta ce, "Me zan yi da taga? In leƙa in ga me, ajalina? Ka ba ni inda zan miƙe in taɓa jakata duk sanda na ga dama."

Ya yi dariya ya ce, "To, bakin hanya ke nan. Akwai wani akwati a saman kujeru, nan ake sa jakar hannu."

Ita dai Habsa abin da ta ɗauka shi ne, kowace kujera da akwatinta, kamar yadda kowa ke da rumfarsa a Arzèkè. Ba ta tambaya ba, shi ma bai ƙara bayani ba.

Ana gobe tafiya ta shirya jakar hannun da kanta. Zanen a ƙasa, a naɗe. Sai yajin jego da kanwa da daddawa. A can sama ta ɗora wagashi, cukun Fulani ɗin nan da ake rina wa baya ja da karan dafi, don tun da ciki Soumaya take kukan ta yi kewarsa. Ta ƙulle shi a leda ta ce, muddin jakar na tsaye ba abin da zai faru.

Tana cikin haka maƙwabciyarta Rabiatou ta shigo. Rabiatou ba ta taɓa wuce Bohicon ba, amma kunnenta ya zaga duniya.

"Maman Soumaya, zauna in gaya miki. Filin jirgi ba Arzèkè ba ne. Akwai masu ƙwaya. Suna neman irinku dattawa masu fuskar mutunci, su cusa miki abu a jaka, in aka kama ke ce a ciki."

Habsa ta dafe ƙirji. "Innalillahi! To yaya zan gane su?"

"Ladabi ne da su kamar almara. Za su zo suna Mama, Mama. Kuma kafin su zo sun binciko sunan 'ya'yanki kaf, don ki saki jiki. Ta waya suke bin mutum. Da ni ce ke, da na kashe ta sai na sauka. Kuma kada ki yarda jakar nan ta shiga cikin jirgi ta ƙasa, reza suke sa wa kaya."

A take Habsa ta kashe wayarta, ta ƙulle ta a bakin zane.

Washegari bayan asuba zem ya sauke ta a tashar motocin zuwa Kwatano, garin da za ta hau jirgin sama, can wajen tashar jirgin ƙasa da ake ce wa Gare. Ta sa aka ɗora babban akwatinta, ta rungume jakar hannun a tsaye kamar jariri.

Sai ga wani mutum, zai yi sa'ar ƙanenta, dogo, da shuɗiyar shadda da 'yar jaka a kafaɗa. Ya zo ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, idonsa a ƙasa.

"Mama, ina kwana. Daga Djougou nake. Soumaya ce ta..."

Habsa ta ƙara ƙanƙame jakarta. Ladabi. Mama. Sunan 'yarta. Duk abin da Rabiatou ta lissafa ga shi a gabanta, tun ba a bar Parakou ba.

"Ban san ka ba, ban san wata Soumaya ba! Ka ba ni hanya!"

Mutumin ya ɗaga kai kamar zai ƙara magana, ya ga mutane sun fara juyowa, sai ya ja baya ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Mama."

A cikin mota ta gan shi ya zauna can baya. Duk sanda ta waiga sai ya sunkuyar da kai. Ta ce a ranta, mai gaskiya ba ya ɓoye ido.

Da aka tsaya a Dassa cin abinci, ba ta sauka ba. Tana zaune sai ga mai talla ta miƙo mata ruwan leda da ayaba ta taga, ta ce wani mai shuɗiyar riga ne ya biya. Habsa ta tura hannun yarinyar waje. Ƙishi na cin ta, maƙogwaronta kamar an zuba toka, amma ta ce gara ƙishi da a sa mata abin barci.

A filin jirgin Kwatano ma haka. Tana layin awon kaya, yana bayanta da mutum kaɗan. Ta wuce wurin 'yan duwan masu binciken kaya, ta waiga, yana nan. Da ta rikice ta nufi wata ƙofa da ba tata ba, sai ta ji murya a bayanta ƙasa-ƙasa.

"Mama, ba nan ba ce. Ta hagu ce ta Libreville. Kuma don Allah ki kunna wayarki ko sau ɗaya."

Wato har inda za ta ya sani. Kuma wayar yake so a kunna. Ta ƙara damƙe ƙullin zanenta, ta tafi can ta zauna kusa da wasu mata 'yan coci masu farin kaya, ta ɗora jakar a cinya. Da aka kira shiga jirgi, da gangan ta ƙi tashi. Ta bari ya shige tukuna, ta bi sahun ƙarshe, don kada ya biyo bayanta.

'Yan uwa, wanda ya taɓa shiga jirgi ya san abin da ke samun na ƙarshe.

Ta shiga ta tarar da hanya a matse, mutane na ta tura jakunkuna sama suna rufe akwatuna. Ma'aikaciyar jirgi ta duba takardarta ta raka ta har kujerarta, bakin hanya, kamar yadda Abdoulrahim ya zaɓa.

Wa za ta gani a kujerar da ke manne da tata? Mai shuɗiyar shadda.

Ta ɗaga kai ta dubi akwatin da ke saman kujerarta, wanda take ganin nata ne. A cike yake. Kuma jakar da ke daidai saman kanta, tasa ce.

Mutumin ya miƙe da sauri, kansa a sunkuye. Ya jawo jakarsa daga sama, wuri ya buɗe.

"Mama, na tare miki wuri ne. Kawo in sa miki a tsaye, a lungu, saboda wagashin. Tawa sai in sa a ƙarƙashin ƙafata."

Saboda wagashin! Ita da ba ta buɗe jakar a gaban kowa ba sai injin 'yan duwan. Ya miƙo hannu, yatsunsa suka taɓa hannun jakar.

Habsa ta ƙwalla ƙara.

"Jama'a ku taimake ni! Mai ƙwaya ne! Tun daga Parakou yake bi na! Ya san sunan 'yata, ya san abin da ke jakata, ga shi ya sa kayansa a akwatina!"

Jirgi ya ɗauki hayaniya. Wani mai kwat ya miƙe yana faɗa da Faransanci. Wata mata ta jawo ɗanta jikinta. Ma'aikaciyar tana ta cewa, "Madame, calmez-vous," wato ta kwantar da hankalinta, Habsa kuwa ta rungume jaka tana cewa a bincike shi.

Aka kira jami'in tsaro daga bakin ƙofa. Ya ce wa mutumin ya buɗe jakarsa, nan a tsakiyar hanya, idon kowa a kansa.

Bai yi gardama ba. Ya zuge zif. Aka fito da 'yan rigunan jariri, da hula 'yar ƙarama ta ulu, da ƙullin dabino, da goro a ganye, da turmin atamfa ɗaya. Jami'in ya zazzage komai, ya shinshina, ya matsa dabinon ɗaya bayan ɗaya. Ba komai.

Wani dattijo ɗan Nijar da ke kujerar gaba ya juyo ya ce, "Haba Hajiya, wannan ai kayan suna ne. Ki ji tsoron Allah."

Habsa ta ce, "A cikin kayan jarirai suke ɓoyewa! An gaya mini!"

Jami'in ya tambayi mutumin ko ya san matar nan. Mutumin ya ɗaga kai. Ya dubi jama'ar da ke kallo, wasu har sun ɗaga waya suna ɗauka. Sannan ya yi magana da Faransanci a hankali, wadda Habsa ba ta kama duka ba. Abin da ya ce shi ne, uwa ce, karonta na farko ke nan, tsoro ne kawai, a yi mata haƙuri. Bai ƙara ko kalma ba. Ya durƙusa yana tsince dabinonsa daga ƙasa.

Ana wannan rikici, wani fasinja da ya rasa wuri ya ga gurbin nan a buɗe. Ya cusa akwatinsa, ya rufe, ƙarap.

Habsa ta ce, "Kai, malam, wurina ne!"

Ya ce, "Da sunanki a jiki?"

Ma'aikaciyar ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, duk a cike. Ta gwada tura jakar ƙarƙashin kujera, ta yi tsawo. Ta ce ba yadda za a yi, sai an kai ta ƙasa wurin manyan kaya, kuma an riga an makara.

Mai shuɗiyar shadda ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Mama, ko wagashin ki ciro, in riƙe a hannu."

"Ka riƙe uwar me? Allah ya isa tsakanina da kai!"

Aka ɗaura wa jakar takarda, wani ya saɓa ta a kafaɗa, a kwance, ya fita da ita. Habsa na kallo har ta ɓace. Ta ce ba za ta zauna kusa da mutumin nan ba ko za a yanka ta. Aka sami wani ya yi musanya da ita, ta koma can ƙarshen jirgi, kujerar tsakiya, jikin ƙofar bayi, tsakanin ƙattai biyu. Ita da ta zaɓi bakin hanya don ta riƙa taɓa jakarta, ga ta ba hanya, ba jaka.

Har aka sauka tasbihi take ja, tana gode wa Allah da ya tsare ta daga mugu.

A Libreville ta rasa inda ake ɗaukar kaya. Ta bi mutane har wurin bel ɗin nan mai zagayawa. Can ta hango shi ya riga ta, ya sauke babban akwatinta da jakar hannun ya ajiye su gefe, ya koma nesa ya tsaya. Ta ruga ta fizge kayanta. Jakar ta lotse kamar an zauna a kai, gindinta a jiƙe. Ta ce ai shi ne, ya sami abin da yake so.

Tana fitowa ta hango Inoussa, surukinta. Ya taho da sauri ya durƙusa ya gaishe ta. Kafin ta buɗe baki ta ba shi labarin mugun da ya biyo ta, sai ya miƙe fuskarsa ta washe, yana duban bayanta.

"Yaya Massaoudou! Sannu da hanya! Ka kawo mana Mama lafiya, Allah ya saka."

Ta juya. Mai shuɗiyar shadda ne, Inoussa ya rungume shi.

Inoussa ya ce, "Mama, ai kin gane shi ko? Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin biki yana Yamai da mota, shi ya sa ba ku haɗu ba. Sai bayan suna ya yi niyyar zuwa, jiya na roƙe shi ya sauya tikiti don kada ki yi tafiyar nan ke kaɗai. Tun dare ya baro Djougou ya kwana Parakou. Abdoulrahim ne ya ba shi lambar kujerarki. Mun yi ta kiran wayarki a kashe."

Habsa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kwance bakin zane ta kunna wayar. Saƙonni suka yi ta shigowa. Ta danna na farko, muryar Soumaya ta fito: "Inna, Yaya Massaoudou zai same ki a tasha, mai shuɗiyar riga. Na gaya masa kin ɗauko mini wagashi, ya kula kada a danne jakar."

Inoussa ya dubi wansa ya ce, "Lafiya dai? Hanya ta yi kyau?"

Massaoudou ya ce, "Lafiya lau. Mama jaruma ce, ko gezau ba ta yi ba." Ya sunkuya zai ɗauki jakar, sai ya tsaya, ya ce, "Mama, in ɗauka?"

Wannan tambayar ta fi mari zafi. Ta gyaɗa kai kawai.

A gida, bayan ta ɗauki jikanta ta yi masa addu'a, Soumaya ta ce, "Inna, ina zanen Kaka?"

Habsa ta buɗe jakar. Wagashin ya farfashe, ledar ta yage, ruwansa ya bi ta cikin yaji da kanwa ya gangara ƙasa. Ta warware zanen. A tsakiyarsa, daidai inda bayan jariri ke kwanciya, ga wani tabo ja mai faɗin faifai.

Ta wanke da sabulu. Ta jiƙa da lemun tsami. Ta shanya a rana ta sake wankewa. Jan ya dusashe, amma bai fita ba. Karan dafi da kanwa in suka kama saƙi, sun kama ke nan.

Ranar suna gida ya cika da 'yan Parakou da 'yan Djougou mazauna Libreville. Aka raɗa wa yaro suna Haidar. Da Soumaya ta fito da zanen za ta yi goyo, wata gwaggon Inoussa ta ce, "A'a, wannan jan fa? Ba shi ne farin zanen da ake ba mu labari ba?"

Massaoudou yana bakin ƙofa yana raba goron nan da aka zazzage masa a jirgi. Ya yi saurin cewa, "Gwaggo, ma'aikatan jirgi ne, ba sa tausayin kaya."

Habsa ta dube shi. Mutumin da ta kira mai ƙwaya a gaban jama'a, ta ja masa Allah ya isa, shi ne yau yake rufa mata asiri a gaban danginsa. Sai ta ji rufin ya fi ƙarfinta.

Ta dubi gwaggon ta ce, "Ba su ba ne, Yaya. Ni ce." Ta ba da labarin tun daga tashar Parakou, ba ta rage ba, har ruwan da ta mayar a Dassa. Wasu matan suka rufe baki da mayafi. Ta juya wajen ƙofa ta ce, "Massaoudou, ɗana, na janye Allah ya isan da na yi maka. Ka yafe mini don Allah."

Ya ajiye tiren goro ya durƙusa. "Mama, ni ban riƙe ki ba. Tsoro ne. Uwata ma da haka za ta yi."

Gwaggon ta ce, "Uwarka da ta sha ruwan dai, ba ta wasa da kyauta." Aka fashe da dariya, har Habsa, tana share hawaye.

Wata ta ce a kawo sabuwar atamfar da Massaoudou ya zo da ita a yi goyon da ita. Soumaya ta dubi uwarta. Habsa ta ce a'a. Ta karɓi zanen da hannunta, ta ɗora Haidar a bayan uwarsa, ta ja saƙin ta ɗaure, tabon a waje inda kowa zai gani.

Ta ce, "A bar shi haka. In ya girma ya tambaya, a gaya masa kakarsa ce ta ƙi sauraron mutum har ya gama magana."

Darasi: Ba na ce ki karɓi kayan wanda ba ki sani ba a filin jirgi, kada ki karɓa, duniya ta lalace. Amma taka-tsantsan daban, zato daban. Riƙe jakarki da kyau, ki kuma bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa kafin ki yanke masa hukunci, don wanda kike gudu wataƙila shi aka turo ya tsare ki. Ku tura wa 'yan uwa, musamman iyayenmu mata masu shirin tafiya, da masu ba su shawara irin ta Rabiatou.